In Ƙusa Ta Karye a Ƙarƙashin Mota

Jawabi ga direbobi, makanikai, masu walda da yaran gareji na ƙasar Bazaga



Maganar yau a kan ƙaramin abu ce. Tsawonsa bai fi na yatsa ba. Amma in ya karye, mota ta tsaya ke nan, ko da injinta sabo ne. Wannan abu shi ne ƙusa mai zare, wadda ake ɗaura wa noti. Makanikan Ƙonni suna ce mata bulon. Na Sakkwato suna ce mata bolti. Duk abu ɗaya ne.

Kowa ya san ƙasar nan ƙasar mota ce. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso da Dogon Dutsi, ta ratsa gundumar Ƙonni, ta wuce Madawa da Maraɗi har Damagaram. A Tsarnawa wata ta rabu ta nufi Tawa. Daga Ƙonni kuma ga hanyar Illela ta Nijeriya da Sakkwato. Ana ɗaukar siminti daga Malbaza. Ana ɗaukar albasa daga Galmi da fadamun Ƙonni. Amma ƙauyuka da yawa ba a kan kwalta suke ba. Hanyarsu burji ce, ko rairayi, ko laka in damina ta faɗi. Ita ke kai gero da wake kasuwa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti. Ita ce kuma ke cin ƙusoshin ƙarƙashin mota.

Abu guda ake so kowa ya riƙe. Ƙusar da ta karye ba ta fita da ƙarfi. Da dabara take fita, mataki bayan mataki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Wanda ya tsallake mataki, aikin awa guda sai ya zame masa na kwana uku.

ME KE ƊAUKE DA MOTA?

Jikin mota ba a kan taya yake zaune kai tsaye ba. Akwai ƙarafa a tsakani. Su ke ɗauke da nauyi, su ke shanye girgizar hanya.

A motocin kaya kamar Hilux da Hiace, da tsofaffin Peugeot masu buɗaɗɗen baya irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarta a 1975, akwai dogayen fallayen ƙarfe jere a kan juna. Ana ce musu lam, ko resor, ko sifirin. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyarsu. Kanta yana zaune cikin wani rami a jikin aksil, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Ita ce ƙusar tsakiya. Wasu ƙarafa biyu masu siffar harafin U sun rungume lam da aksil tare. Su ne birid. A kowane bakin lam akwai ido. Cikin idon akwai roba. Ƙusa ta ratsa robar, ta haɗa lam da shasi. Sai kuma amortisor, wanda wasu ke cewa shokazoba. Shi ke hana mota tsalle-tsalle. Shi ma ƙusa ke riƙe da shi sama da ƙasa. Ƙananan motoci kuwa, resor nasu murɗaɗɗe ne.

Duk waɗannan ƙusoshi a ƙasa suke, inda ruwa da laka da ƙura ke isa. Yawancinsu a lungu suke, inda hannu ke shiga da ƙyar, ido kuma ba ya gani.

ME KE KARYA ƘUSA?

Na farko, tsatsa. Ƙarfen da ya yi tsatsa kumbura yake. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, har fiye da ninki biyu. Sai ta cike tsakanin zaren ƙusa da na noti, su manne kamar an yi musu walda. Motar da ke ratsa gulbi da damina, ba a wanke mata ƙasa, ita ce abincin tsatsa.

Na biyu, lodi. Motar da aka yi don tan guda, in aka ɗora mata biyu, ƙarfe yana gajiya. Ba rana ɗaya yake karyewa ba. Ƴar tsaga ce ke farawa, tana ci sannu a hankali. A duba bakin ƙusar da ta karye. In rabinsa ya yi duhu da santsi, rabi kuma yana ƙyalli, to, tsagar ta daɗe. Mai ƙyallin shi ne abin da ya rage yana riƙe da rayukan mutane.

Na uku, sakaci. Ƙusar tsakiya ba ita kaɗai ke riƙe da aksil ba. Birid ke riƙe da shi. In notin birid suka saki, lam ya fara motsi, sai ya yanke ƙusar tsakiya kamar almakashi. Aksil ya goce, mota ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

Na huɗu, ƙarfin hannu. Wannan a gareji yake faruwa. Ƙusa mai kaurin milimita 10, mai lamba 8.8, ɗaurinta bai wuce nauyin kilo 5 a bakin sanda mai tsawon mita guda ba. Da kile, wato sifana, mai tsawon santimita 25, jan kilo 20 ya isa. To, a zura wa kilen bututu mai mita guda, yaro mai kilo 50 ya hau ya taka. An ninka ƙarfin sau goma ke nan. Ƙusar ba ta da zaɓi. Sai a ji ƙas, kai ya fita, gindi ya zauna a ciki.

KAFIN A TAƁA KOMAI

Ana sayen ƙusa, ba a sayen rai. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota sai an cika waɗannan sharuɗɗa.

A sauke kaya duka, a sauke mutane. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da ke ƙasa da dutse ko itace, gaba da baya.

Kada a kafa jak a kan rairayi. A shimfiɗa katako mai kauri tukuna. Aikin jak ɗagawa ne, ba riƙewa ba. In mota ta tashi, a tokare shasi da ƙafar ƙarfe ko gungumen itace mai ƙwari. Kada a yi amfani da bulon siminti na gini, don yana rugujewa ba sanarwa. Tayar da aka cire, a kwantar da ita ƙarƙashin shasi. Ita ce kariya ta biyu.

A tuna resor ɗaurarren ƙarfi ne, kamar bakan da aka ɗana. In aka cire ƙusar da ke riƙe da shi alhali nauyi na kansa, yana iya fizgewa ya karya hannu ko muƙamuƙi. Don haka a tallafe aksil da jak na biyu, a ɗaga ko a sauke kaɗan-kaɗan har nauyi ya bar ƙusar. Murɗaɗɗen resor kuwa, ba a kwance shi sai da abin matse shi.

A kare ido da tabarau. In ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa ido, kada a murza, kada a tsokane shi da tsinke. A tafi asibiti a ranar, ko ta Ƙonni ko ta Galmi.

A BUƊE WURI TUKUNA

Makanike mai gaggawa yakan cusa hannu a lungu ya fara bugu. Makanike mai hankali yakan fara da tambaya: me zan cire in ga ƙusar nan sosai? Taya? Amortisor? Bututun hayaƙi? Tayar ajiya? Minti 20 na kwance waɗannan ya fi wuni guda na lalube.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko. Shin ƙarfen da guntun ya maƙale a cikinsa yana fita gaba ɗaya? In yana fita, a fitar da shi. Aikin da ya gagara a kwance cikin ƙura, a kan teburi wasa ne. Ana iya ɗora ƙarfen a babur a kai shi Ƙonni, mota ta jira.

In ba ya fita, a wanke wurin. A kankare laka da tsatsa da burushin waya har a ga ƙarfe. A haska da tocila ko fitilar salula. Inda ido bai kai ba, guntun madubi yana kaiwa.

Sannan a duba. Guntun ya leƙo waje? Daidai yake da bakin rami? Ko ya karye can ciki? Akwai noti a bayansa, ko zaren a jikin shasi yake? In ƙusa ce mai ratsawa, noti a baya, to, da sauƙi. A ɗora ƙarfe mai tsini a kanta, a buga ta fita ta ɗaya gefen. Mai wuyar ita ce wadda zarenta ke jikin mota.

MATAKI NA ƊAYA: MAI DA BUGU

A zuba mai mai ratsa tsatsa, irin na gwangwani da ake fesawa. In babu, gazwal ko kananzir suna taimakawa. A bar shi ya jiƙa. Awa guda ta fi minti biyar. Kwana guda ya fi awa guda.

Ana jira ana ɗan bugun kan guntun da guduma, bugu gajere, ba na fushi ba. Girgizar ke farfasa tsatsa, mai ya samu hanyar shiga. Kada a yi bugun da zai baje kan ƙarfen, don in ya baje ya ƙara toshe ƙofa.

A nan ne mai kaya yakan matsa. Ya ce: "Maigida, a hanzarta mana, albasa tana cikin rana."

Amsar makanike ita ce: "Alhaji, a sa yara su kai ta inuwa. In na matsa wa ƙusar nan yanzu, nan za a kwana uku."

Gaskiyarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

MATAKI NA BIYU: IN GUNTUN YA LEƘO

In akwai abin kamawa, an yi sa'a. A goge gefe biyu da magagari su yi fale-fale, yadda filaya mai kullewa ko ƙaramin kile zai kama ba zamewa. In zaren da ya rage yana da tsawo, a ɗaura noti biyu, a matse su da juna, a juya na ƙasan.

Kwancewa ta hannun hagu ce, wato akasin tafiyar agogo. Amma kada a ja ta gefe ɗaya kawai. A ɗan matsa ta dama, a komo hagu, a sake dama, a sake hagu, ana ƙara mai. In ta motsa ko da kaurin gashi ne, ta yarda ke nan. Sauran aikin haƙuri ne. In ta fara ƙara ko ta yi tauri, a koma baya, a zuba mai, a sake. Wanda ya ji ta motsa ya fizga, sau da yawa yakan sake karya ta, wannan karon can ciki.

In guntun daidai yake da bakin rami, a kafa bakin kurfi ko ƙarfe mai tsini kusa da gefensa. A karkata shi, a riƙa bugu ta hannun hagu. Ƙusar da lodi ya karya, ba tsatsa ba, sau da yawa haka take fita.

MATAKI NA UKU: WUTA

Maƙera sun riga kowa sanin wannan. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Sanda mai mita guda, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, tsawonta yana ƙaruwa da milimita guda da ɗan kai. Kaɗan ne, amma ya isa ya fasa tsatsa. Abin da ake gasawa shi ne ƙarfen da ke kewaye da ƙusa, don ramin ya buɗe ya sake ta.

Sai dai wuta a ƙarƙashin mota ba abin wasa ba ce. A san inda tankin mai yake, da bututun mai, da tiyon birki, da wayoyi. In suna kusa, a cire su ko a tare da falle na ƙarfe da jiƙaƙƙen buhu. In ana jin warin fetur, babu maganar wuta. A goge man da aka zuba ɗazu, don shi ma yana kamawa. A ajiye bokitin rairayi kusa.

Abu biyu ba a gasa su ko kaɗan. Na ɗaya, amortisor. Akwai mai a cikinsa, da yawa kuma akwai iska matsattsiya. Yana iya fashewa. Na biyu, lam da resor. Ƙarfensu horarre ne. Maƙeri ya san in bakin wuƙa ya sha wuta ya wuce launin shuɗi, kaifi ya tafi. Haka resor. In ya sha wuta ya mutu, ko ya lanƙwashe ko ya karye a hanya.

MATAKI NA HUƊU: WALDAR NOTI

Wannan ita ce dabarar da ta fi biyan buƙata a lungu, don sandar walda tana shiga inda injin huji ba ya shiga. Kuma tana yin aiki biyu a lokaci guda. Tana ba guntun sabon kai, tana kuma gasa shi tun daga ciki.

A cire wayar batir tukuna, musamman a motocin yanzu masu kwamfuta. A kama wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aiki, kada wuta ta bi ta cikin boris ta ɓata shi.

A goge kan guntun har ya yi ƙyalli. A samo noti wanda raminsa ya ɗan fi guntun faɗi. A ɗora shi daidai. A fara walda daga kan guntun, a cike ramin notin har sama. In guntun ya ɗan nutse, a fara ɗora washa, a liƙa ta da guntun, sannan a liƙa noti a kan washa. Washa ke kare bakin rami, kada a haɗe guntun da jikin mota.

An ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A nan kuwa ba haka ba ne. Jan ƙarfe laushi gare shi, in aka murɗa sai ya tsinke. A bari jan ya mutu, ƙarfen ya huce. Yana hucewa yana tsukewa, yana rabuwa da tsatsa. Sannan a sa kile, dama da hagu, kamar yadda aka faɗa.

In notin ya ɓalle, ba a yi hasara ba. A goge, a sake liƙa wani. Kowace walda tana ƙara sassauta guntun. Sau da yawa a karo na biyu ko na uku yake fita.

MATAKI NA BIYAR: HUJI

Wannan shi ne na ƙarshe, don a nan ɓarna ta fi sauƙi. Ba a fara shi sai sauran sun gaza.

Duk aikin yana ga tsakiya. A daidaita fuskar guntun. A buga ɗigo da ƙarfe mai tsini a tsakiyarsa sosai. In ɗigon ya kauce, a gyara shi tun kafin a huda. A fara da ƙaramin tsinken huji, kamar na milimita 3. A tafi a hankali, ana ɗiga mai, injin yana tsaye daidai da ƙusa. In lungun bai bari injin ya tsaya daidai ba, kada a huda a karkace. A ƙara buɗe wuri, ko a nemi injin mai lanƙwasasshen kai.

Akwai tsinken huji mai ci ta hannun hagu. Wanda ke da shi ya fara da shi. Yana ci yana kwancewa, wani lokaci guntun ya biyo shi waje.

Akwai kuma wani ƙarfe mai murɗaɗɗen baki, wanda ake kafawa a ramin a juya ta hagu. A yi hattara da shi. Yana da tauri ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar gilashi. In ya karye a ciki, tsinken huji na yau da kullum ba ya cinsa. An je gyaran gira an rasa ido ke nan. A juya shi da ɗan gajeren hannu. In guntun bai motsa ba, a zare shi.

In duk wannan bai yi ba, a riƙa ƙara girman tsinke har ɓawon zare kaɗai ya rage. Amma akwai iyaka. Ƙusar milimita 8 mai zare na yau da kullum, a tsaya a 6.8. Ta milimita 10, a tsaya a 8.5. Ta milimita 12, a tsaya a 10.2. Wanda ya wuce nan ya cinye zaren mota. Sannan a tsince ragowar da tsinke, a bi ramin da ƙarfen yanka zare, wanda makanikai ke cewa taro. Rabin juyi gaba, ɗan juyi baya, da mai.

In zare ya riga ya lalace, akwai gyara. In ana kaiwa ga bayan ramin, a sa doguwar ƙusa mai ratsawa da noti. In ba a kaiwa, akwai zaren waya da ake dasawa cikin rami. Wanda bai da kayan wannan aiki, ya kai wa mai su. Makanike ya ce "wannan ya fi ƙarfin kayana" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ya lalata shasin mutane.

ƘUSAR DA TA MANNE CIKIN ROBA

A idon lam da gindin amortisor akwai wata matsala dabam. Sau da yawa cikin robar akwai ɗan bututun ƙarfe, ƙusa ta manne da shi. Noti ya fita, amma ƙusa ta ƙi. In aka juya, roba ce ke murɗewa. In aka buga, roba ta shanye bugun. Wanda ya dage da babbar guduma, kunnen shasi zai lanƙwasa.

A nan ba a jayayya. A yanke ƙusar gefe biyu, tsakanin roba da kunnen shasi. In zarto bai shiga ba, a cire ruwansa, a naɗe gindinsa da tsumma, a yanka da hannu. Aiki ne mai cin lokaci, amma ba ya ɓata komai. Ƙusa da roba dai sababbi za a sa.

A KARANTA KAN ƘUSA

Guntu ya fita. Saura rabin aiki. Wace ƙusa za a mayar?

A dā kowace masana'anta da irin zarenta. A 1841 wani injiniya na Ingila, Joseph Whitworth, ya kawo shawarar a daidaita zare, don notin wannan gari ya hau ƙusar wancan. Yau yawancin motoci suna bin awon milimita. Tsofaffin Land Rover kuwa awon inci gare su. Don haka ba kowane noti ke hawa kowace ƙusa ba.

A kan ƙusa akwai lamba. Ba ado ba ce, ƙarfinta ne aka rubuta. A ɗauki ƙusoshi uku, duk masu kaurin milimita 10. A ido ba su da bambanci. Mai lamba 4.6 tana tsinkewa a wajen tan 2 da ɗan kai, wato nauyin buhun siminti kamar 47. Mai lamba 8.8 tana kaiwa buhu 90 da ɗoriya. Mai lamba 10.9 tana kaiwa wajen buhu 120. A ƙarƙashin mota ba a sa abin da ya gaza lambar da aka cire. In 10.9 ta fita, 10.9 za ta koma. Wadda ba ta da lamba ko alama, ta ƙofa ce da gado, ba ta mota ba. Wasu motocin Japan lamba guda suke sawa, kamar 4 ko 7 ko 9. Nan ma babbar lamba ta fi ƙarfi. Yaron garejin da ya iya karatu, ga inda karatunsa ke tsare rai.

Girman kile ba shi ne kaurin ƙusa ba. Ƙusar milimita 10, a motar Faransa ko Jamus kile 16 ko 17 take ci, a motar Japan kuwa 14. Zaren ma ya bambanta. Na Japan yakan fi ƙanana. Don haka a tafi kanti da tsohuwar ƙusa a hannu. A haɗa zarenta da na sabuwar, a ɗaga su ga haske. In haƙora sun shiga juna ba rata, iri ɗaya ne. Sabuwar ƙusa kuma ta shiga da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin a sa kile. In ta ƙi tun farko, ba tata ba ce. Kada a tilasta.

Abu uku haramun ne a wannan aiki. Kada a haɗa karyayyar ƙusa da walda a mayar. Kada a sa guntun rodi na gini a gurbin ƙusar tsakiya a ɗora lodi. Kada a mayar da birid da ya miƙe ko zarensa ya cinye. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kisa take yi.

ƊAUREWA

A wanke rami. A shafa ɗan giris a jikin ƙusa inda take ratsa bututun roba, don wanda zai kwance ta baɗi ya sa albarka. A ɗaure da kile mai awo in akwai, bisa abin da littafin motar ya faɗa. In babu, a ɗaure da kile daidai tsawonsa, ba bututu, ba takawa.

Ƙusoshin da suka ratsa roba, ba a gama matse su mota tana sama. A sauke ta, ta zauna a kan tayoyinta, sannan a matse. In ba haka ba, robar tana zama a murɗe, ta yage da wuri.

Notin birid kuwa, a bi su bi da bi, wannan kaɗan, na ƙetarensa kaɗan, har su daidaita. Bayan tafiyar farko da lodi, a komo a sake matse su, don lam yana zaunawa su saki.

RABON DIREBA DA MAI MOTA

Ba makanike kaɗai ke da aiki ba. Direba ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin motarsa kowace safiyar kasuwa. In ya ga jan gari kamar barkono a gefen noti, wurin yana motsi. In ya ga ƙarfe yana ƙyalli kusa da birid, lam yana gogawa. In ya ji ƙwanƙwasa a gargada, ko sitiyari ya karkace alhali hanya miƙaƙƙiya ce, ya tsaya ya duba. Bayan ratsa ruwa da laka, a wanke ƙasan mota. In za a kai ta gyara gobe, a fesa wa ƙusoshi mai tun yau.

Mai mota kuma ya daina ƙara buhu a kan buhu. Ribar buhu biyar ba ta sayen aksil. Ya kuma ba makanike lokaci, ya biya kuɗin ƙusa mai lamba.

Manyan makanikai, amanar yara tana hannunku. A koya musu karanta lamba kafin a ba su guduma. A hana su shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai. Yaron da ya karya ƙusa ya zo ya faɗi gaskiya, kada a doke shi. In aka doke shi, gobe ɓoyewa zai yi, ya tura mota hanya da ƙusa uku a gurbin huɗu.

Wanda ya karanta wannan jawabi ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha da gareji da maƙera. Dabarun nan suna aiki ga amalanke, da injin ban ruwa, da injin niƙa, da babur.

Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa albarka a sana'a. Wassalamu alaikum.